Golan Ƙofa Ɗan Mai Nono

A tashar Dangora, wani fasinja ya durƙusa gaban wata dattijuwa mai fura da nono.

"Inna, dama min, maƙogwarona ya bushe."

"Me ya sa muryarka ta dishe haka?"

"Ƙwallo muka kalla jiya, wasanmu da 'yan garin Ƙofa. Golansu Bafulatani ne, muka yi ta masa ihu, 'Koma daji, shanu na jiranka!'"

"To, ya koma?"

"Ina! Ko ɗaya bai bari ta shiga ba. Wallahi da namu ne, goya shi zan yi har gida."

"Ni dai na goya shi. Autana ne."

"Subhanallahi! Inna, wasa muke..."

"Shanye, nonon shanun nan ne da ka tura shi wurinsu. In muryar ta dawo, sunansa Hamidu. Da shi za ka kira shi."