Ka Duba Mini Fenaretin

A tashar bas ta Silver Spring a Amurka, da safiyar Lahadi, Hajiya Najiba ta ƙura wa wayarta ido tana ta salati da addu'a da Hausa. Katung, wani ma'aikacin jinya da ke jiran mota, ya ji Hausa ya matso.

"Sannu, Mama. Lafiya dai?"

"Ɗana Fatihu nake kallo. Golan ƙwallon hannu ne a babban rukunin Jamus. Yau ake rufe kakar wasa, in aka cinye su sun faɗa rukuni na biyu."

"To ai wasa ne, Mama."

"Wasa? Bara ƙwallo ta same shi a ido, sai da aka yi masa aiki. Likita ya ce in ta sake samunsa a nan, idon ya tafi."

"Wane irin aiki? In na can cikin ido ne, ai bai ma kamata ya..."

Hajiya ta sake duban wasan. Ta miƙa masa wayar. "Za a buga masa fenareti. Ba zan iya kallo ba, ɗana, ka duba mini."

"Ya tare, Mama! Ya tare!"

"Da me ya tare?"

Katung ya ƙura wa wayar ido. "Yana ƙasa, ya dafe fuska. Likitoci sun shigo da gudu... A'a, ga shi ya ɗaga babban yatsa! Lafiyarsa lau."

Ya miƙo mata wayar, Hajiya ba ta karɓa ba.

"Ya san ina kallo ne," in ji ta. "Bara ma haka ya ɗaga."