Mai Neman Haske a Cikin Tanki

A ɗakin jira na asibitin ido, wani magidanci ya yi ta murza katinsa, har tsohuwar da ke gefensa ta gaji.

"Ɗan nan, za ka yaga shi. Lafiya?"

"Gwajin ido aka turo ni, Inna. In na faɗi, aikina ya tafi."

"Direba ne kai?"

"A'a, manyan tankunan ruwa muke kafawa a kan dutse. Masana sun ce akwai wani haske mai ƙarfi da ke zuwa daga can cikin taurari, ido ba ya ganinsa. In ɓurɓushinsa ya faɗa ruwan sai ya ɗan yi walƙiya, na'ura ta kama. Don haka dole tankin ya yi duhu dunɗum. Kafin a zuba ruwa ni ake sakawa a rufe, duk inda rana ta leƙo in toshe."

"A rufe ka kamar kaza a akurki, kuma kana murna?"

"Inna, 'ya'yana bakwai, ɗakinmu biyu. Wallahi a can kaɗai nake jin numfashina."

"Au, ashe ba albashin kake tsoron rasawa ba!"

Ya sunkuyar da kai yana dariya. Ta lalubo allura da zare a jakarta.

"Ungo, kwana uku tana wahalar da ni."

Sau ɗaya ya zura zaren, ya miƙa mata.

"Kai, tashi ka ba marasa lafiya wuri! Ba mai raba ka da duhunka."