Ranar da Baban Salomi Ya Yarda Yana Jin Ciwo

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, mai ceton rayukanmu. Ga sababbin fuskoki, sunana Rifkatu, nas ce ni a wani asibiti can wajen unguwar Shumaisi, a nan ƙasar Larabawa. Yau da farin ciki na zo. Idan kun ji abin tafi, ku tafa a hankali, kun san bangon gidan nan ba kauri gare shi ba.

Maigidana, Baban Salomi, tsohon soja ne, saje. Can gida, a dajin arewa maso gabas, bam ya tashi da motarsu. Ya rayu, amma wani gutsuren ƙarfe ya zauna masa a ƙugu, kunnensa na hagu kuma ya toshe. Aka sallame shi daga aiki. Akwai haƙƙin da ake ba sojan da ya nakasa a bakin aiki, har da magani, amma sai likita ya cika wani fom ya shaida raunin.

Samun fom ɗin kansa yaƙi ne. Ƙaninsa Dauda ya yi ta zarya a ofishin fansho can gida, yau a ce mai makullin bai zo ba, gobe a ce an tafi taro. Kafin fom ya fito, maigidan ya riga ya zo mini nan da bizar ziyara. Dauda ya tambaya, aka ce likitan nan ma zai iya cikawa, muddin akwai hatimin asibiti da hoton ƙashi. Sai ya aiko mana ta hannun wani mai tahowa.

Ranar ganin likita ina bakin aiki, don haka shi kaɗai ya tafi. 'Yan'uwa, ku ji abin da bawan Allahn nan ya yi. Ya goge takalmi har yana ƙyalli. Ya haɗiye maganin kashe zafi. Ya jingine sandarsa a bayan ƙofa. Ya shiga wurin likita ƙirji a gaba kamar ranar fareti.

Likitan Bamisire ne, mutumin kirki, ba shi da laifin komai. Ya ce masa, "Kef halak?" Maigidana ya ce, "Kwayyis, alhamdulillah," Larabcin da ya iya ke nan duk duniya. Aka tambaye shi ciwo, ya ce ɗan kaɗan ne. Aka ce ya taka, ya cije ya taka. Likita ya rubuta abin da ya gani ya kuma ji: tsohon rauni, ya warke, ba ya hana aiki.

Da na dawo na karanta, raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Baban Salomi, haƙƙin nakasa ka je nema, ko so kake a sake ɗaukar ka soja?"

Ya ce, "An tambaye ni jiki, me zan ce? A gidanku idan an ce yaya jiki, me kuke amsawa?"

Nan ya ɗaure ni. Kun san halinmu, mutum yana kan gargara, a ce yaya jiki, ya ce da sauƙi. Shi kuma ya haɗa uku: ga al'ada, ga soja, ga shi yana ganin mai bi bai kamata ya furta ciwo da bakinsa ba. Na yi ta faɗa har na gaji. Sai ya yi ƙasa da murya ya ce, "Rifkatu, waɗanda muke cikin motar nan tare ba su dawo ba. Ni da na dawo da ƙafafuna, in je gaban baƙo ina wayyo?"

Na shiga kicin na yi kukana.

Dauda ya koma zarya, Allah ya saka masa. Da ƙyar ya samo wani fom, aka ja masa kunne cewa daga shi babu wani. Ga biza tana gab da ƙarewa. Idan wannan ma ya lalace, khalas, shi ke nan, maigidana zai ƙare rayuwarsa da ƙarfe a jiki, a takarda kuma lafiyarsa lau.

Wata safiya na dawo daga aikin kwana, na same shi a ƙasa kusa da gado, safa ɗaya a hannu. Ya sunkuya zai sa, ƙugun ya riƙe, ya kasa tashi. Ban ɗaga shi ba tukuna. Da abayata da komai na zauna a ƙasan tare da shi na ce mu yi addu'a. Na fara jero irin tawa mai tsawo, ina ɗaure wannan ina kwance wancan. Sai na ji ya riƙe mini hannu.

Ya ce, "Ubangiji, yana yi mini ciwo. Kullum yana yi. Na gaji."

Iyakar addu'arsa ke nan. Tun da aka kawo shi daga daji ban taɓa jin wannan magana a bakinsa ba. Na ce masa ko Ubangijinmu da ƙishi ya kama shi a kan gicciye, ai faɗa ya yi, bai ce da sauƙi ba. Muka yi kuka, muka koma dariya, don ni ma da na zo tashi sai da na dafa gado.

Wannan karon na karɓi hutu na raka shi, da sandarsa a hannu, ba ko ƙwayar magani a cikinsa. Allah ya haɗa mu da Dakta Kabiru, Bakatsine, Musulmi, likitan ƙashi. Ya miƙa hannu ya ce, "Saje, yaya jiki?"

Maigidana ya ce, "Da sauƙi."

Gabana ya faɗi. Sai Dakta ya yi murmushi ya ce, "Madalla, mun gama gaisuwa. Yanzu kuma likita ne ke tambaya. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, Saje. Yaya jiki?"

Baban Salomi ya dube ni, ya dubi ƙasa, sai ya buɗe baki. Ya faɗi yadda ba ya iya kwanciya ta hagu. Ya faɗi yadda yake gyaɗa kai a cikin mutane alhali bai ji abin da aka ce ba. Har da safar ya faɗa. Dakta ya sa aka ɗauki hoto, ga ƙarfen nan ɓaro-ɓaro kamar ƙwayar gyaɗa. Aka auna kunnen. Ya cika fom da hannunsa, aka buga hatimi, maigida ya koma gida da shi.

Muka yi ta jira. Shekaranjiya ina cikin motar asibiti za mu koma masauki, sai ga kiransa. An amince. Za a yi masa aiki a cire ƙarfen, za a kuma riƙa ba shi haƙƙinsa. Haleluya! Ni ina ta murna ina tambayar yaushe ne aikin, shi kuwa ba wannan ke gabansa ba. Ya ce, "Rifkatu, sun rubuta. Sun rubuta cewa a bakin aiki na ji rauni, saboda ƙasata." Na fashe da kuka, har Filifinawan da ke kusa da ni suka yi zaton mutuwa aka yi mini, sai da na ce musu kukan daɗi ne.

Na gode wa Yesu da ya buɗe bakin maigidana kafin ya buɗe ƙofar ofis. Na gode muku da kuka riƙe mu cikin addu'a. Idan akwai mai ɗauke da wani nauyi a ɗakin nan, kada ka goge takalmi ka zo gaban Ubangiji. Ka zo yadda kake, ka nuna masa wurin, ka dogara gare shi. Zai ji ka, kamar yadda ya ji wani saje a ƙasa da safa ɗaya a hannu. Yabo ya tabbata ga sunansa. Amin.