Ranar da na rufe ido gaban likita

'Yan'uwa, sallama gare ku cikin sunan Yesu Almasihu.

Kun san ni a kasuwar Dogon Dutsi. Da sojojinmu suka dawo daga yaƙin Faransa, ni na riƙa sayen tsofaffin kwat da takalmansu ina sayarwa. Kowane kwat sai na sa shi na zaga kasuwa, don mai saye ya gani.

Da damina tabo ya fito mini a wuya, ya bi ƙirji da baya, ga ƙaiƙayi. Faratan ƙafata suka yi kauri suna marmashewa. A gidan suna aka ware mini ƙwaryar fura ni kaɗai. Ba wanda ya ce kuturta, amma ciniki ya tsaya cak.

Na zargi kowa da yi mini sammu, har maƙwabcin rumfata. Wata 'yar bori ta ce aljanar nan Doguwa ce, a kawo baƙar akuya. Na lura ƙanenta ke sayar da awaki, na kama hanyata.

Maiɗakina, wadda ta riga ni bin Almasihu, ta ce mu je wurin likitan mishan. Na ce, "Su kai sunana wurin kumandan, Baturen mulki, a tura ni zangon kutare?" Ta ce, "To zauna, maigida, mu dafa kwat mu ci."

Na je. Likitan ya ɗauko auduga ya ce, "Rufe ido, malam. Duk inda na taɓa, ka nuna." Na rufe ɗaya. Ya ce, "Ɗayan gadin me yake yi?"

Tun da na fara fatauci ban taɓa rufe ido gaban baƙo ba. Na ce a zuci, Yesu, in cutata za a yi, kai ka gani. Na rufe.

Duk inda ya taɓa na ji. Ya ce tabon kuturta ba ya jin taɓi, wannan makero ne, kuma daga tufafin wasu na kwaso shi. Ya ba ni man shafawa mai raɗaɗi, ya ce in tafasa kayan kafin in sa ko in sayar. Fata ta warke kafin kaka. Farata sun daɗe, na babban yatsa har yau bai koma daidai ba.

Na gode wa Ubangiji da ya riƙe ni. Ina ganin wani a nan ya ja riga har wuya cikin wannan zafi. Ba zan kira suna ba. Ka dogara ga Yesu, ɗan'uwa. Gobe da safe ina rumfata, zo in raka ka. Amin.