Kwalbar da Ba Ta da Takarda

A rumfar jiran bas ta ƙofar gandun dajin jiha, tsoho Anacleto na zaune da buhun irin itacen jusara, wani dangin kwakwa na daji, sai wata baƙuwa ta fito da kwalba daga jaka.

"Baiwar Allah, ina kika samo wannan?"

"A bakin titi, Baba. Zuciyar jusara ce, farin ɓargon kan itacen da ake ci, tsarabar mahaifiyata."

"Babu takardar izini a jikinta, daga gandun nan aka sato. Kowane yanki itace guda ne, kuma in an sare shi ba ya sake tohowa."

"Haba Baba! Dajin da na yi awa uku ina yawo ban ga ƙarshensa ba?"

"Jusara nawa kika gani da 'ya'ya?"

Ya nuna yanka-yankan da ke cikin kwalbar.

"Dubi sirantarsu, kamar yatsa. Ko fure ba su fara ba. Aikin sabon shiga ne. Mu a lokacinmu ba ma taɓa ƙanana."

"Ku?"

Anacleto ya gyara ɗaurin buhunsa.

"Shekara ashirin ina sara. Kwarin da kika bi yau, ni na aske shi, har tsuntsaye suka yi ƙaura. Yanzu gandun ya ɗauke ni aikin watsa iri."

"Buhun nan zai mayar da abin da ka sare?"

"Ina! Shekara takwas kafin ɗaya ya yi 'ya'ya, ni kuwa na ba saba'in baya."

"To wahalar ta mece ce?"

"Ɗiyata, ni kaɗai na san inda kowanne ya tsaya. In ban mayar ba, wa zai mayar?"