Zai Shiga

Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiyarmu ta kanikawa da 'yan majalisarsa, dattawan sana'a da suka koya mana riƙon sifana, masu gyaran wayar mota, masu walda, masu sayar da kayan gyara, direbobi, iyayenmu mata, da surukina da nake hange a layin gaba yana murmushi tun ban fara ba, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni wannan dama. An ce in yi magana kan sa wa mota injin hannu, wato wanda aka ciro daga wata motar, kuma na san dalilin da ya sa aka zaɓe ni. Shekara tara ke nan ba mai kirana da sunan da iyayena suka raɗa mini, kowa Zai Shiga yake cewa. Yau zan faɗi asalin sunan da bakina, domin na gaji da jin yadda ake ƙara masa gishiri.

Surukina yana da ƙaramar motar da yake raba burodi a shaguna, da ita yake ci da gidansa. Wata Litinin injinta ya buga. Masu gidan burodi suka ce sati guda za su jira shi, in ya wuce su ba wani layinsa. Ya kawo mini motar ya ce, "Ɗana, ga amana."

Na tafi kasuwar kayan gyara ina taƙama. Mai shago ya nuna mini wani inji mai tsabta, ya ce, "Kamfani ɗaya, fuska ɗaya." Na zagaya shi sau ɗaya, na doki murfinsa, na ce, "Zai shiga!"

Jama'a, ya shiga. Ban yi ƙarya ba. Sarƙa ta sauke shi cikin bonet lafiya lau. Daga nan karatuna ya fara, kuma shi na kawo muku.

Na farko, shiga daban, zama daban. Cikin kujerun da ake ɗaure inji a kansu, uku suka hau, ta huɗu ta goce da faɗin yatsa biyu. Na kira mai walda ya yanke ya matsar. Ya leƙa, ya naɗe wayarsa, ya ce, "Motar surukinka? Nemi wani." Ranar na ji haushinsa, yau kuwa ina gode masa a gaban kowa.

Na biyu, ku tambayi injin inda ya fito. Nawa daga mota mai canza giya da kanta aka ciro shi, tamu kuwa ta hannu ce. Na kawo akwatin giya, kulocin bai sami wurin kamawa ba. Na wuni Laraba ina ciro kayan tsohon inji ina lallaba su a jikin sabo.

Na uku, kuma shi ya fi zafi, motar yanzu tana da ƙwaƙwalwa, ba ta karɓar baƙon da ba ta sani ba. Soket bai dace ba, muka haɗa wayoyi da dabara, na murɗa makulli. Inji ya yi ta juyi, ya ƙi tashi. Mai gyaran wayar mota ya ce, "Yaya, wannan ba ciwo ba ne, ba sa jin yaren juna."

Ran Alhamis matata ta ajiye mini abinci, ta ce, "Ya shiga?" Ta yi cikin ɗaki. Wallahi na kasa ci. Na ji kunya, na ji tsoro, domin saura kwana uku dattijo ya rasa sana'arsa ta dalilin bakina.

Juma'a da safe sai ga surukina a gareji. Bai yi faɗa ba. Ya ciro hankici, ya tsuguna ya goge gefen tsohon inji, ya karanta lamba. Ya goge na sabon, ya karanta. Harafi ɗaya ne ya bambanta, na ƙarshe. Mutumin da bai taɓa kwance noti ba ya gano a minti biyu abin da na yi kwana huɗu ina fama da shi.

Da yake ba mu yanke komai ba, mai shago ya yarda ya musanya. Wannan karon da lamba a tafin hannuna na je. Asabar da yamma mota ta tashi da murɗa ɗaya, Litinin burodi ya isa shaguna. Motar ce ma ta kawo surukina wurin nan, tana waje.

Don haka ina roƙonku, 'yan'uwa, kafin ku ɗaga sarƙa ku karanta lamba. Ku duba kujeru, ku duba giya, ku duba soket. Kada ido ya yanke muku hukunci, kada gaggawar mai mota ta yanke muku hukunci.

Ranar da na miƙa wa surukina makulli, na sunkuyar da kai na ba shi haƙuri. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, lokacin da ka zo neman 'yata, fuskarka ta yi mini. Amma ban ce zai shiga ba. Sai da na yi wata uku ina karanta lambarka."

Allah ya sa wa sana'armu albarka, ya tsare hannuwanmu da motocin da ake ba mu amana, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya mai da kowa gida lafiya da injin da ya zo da shi.

Na gode.