Kaset Ɗin Malam Inuwa

Da sunan Allah mai rayawa, mai kashewa. Ranka ya daɗe mai unguwa, Allah gafarta Malam liman, shugaban makaranta, malamai abokan aikina, iyalan mamaci, musamman Malama Jummai da ba ta daɗe da fita takaba ba, ɗalibai manya da ƙanana, assalamu alaikum.

An ce ni Lawan in yi magana a madadinmu, don na fi kowa daɗewa da Malam Inuwa Ɗahiru a wannan makaranta. Na so a ɗora wa wani, wallahi, domin abin da ke bakina yau ba mai daɗi ba ne.

Ya kasance mai kula da laburarenmu tun muna da kanta biyu kacal na littattafai. Ya kasance yana tahowa daga Gyadi-Gyadi a kan kekensa kafin maigadi ya gama karin kumallo. Ya kasance kuma mai faɗa, kada mu yi masa ƙarya don ya mutu. Ni kaina ya taɓa kora ta waje saboda na shigo da gyaɗa a aljihu.

Duk shekara, in sababbin ɗalibai suka zo, yini guda nasa ne. Zai tare su a bakin ƙofa da buta da sabulu, kowa ya wanke hannu. Sannan ya nuna musu yadda ake buɗe shafi ba tare da lasar yatsa ba, da yadda ake mayar da littafi gurbinsa. Daga nan sai majigi, sai rikodar da aka kawo mana don koyon Turanci. Yakan sa yatsa kusa da jan maɓallin ya ce, "Wannan shi ne mai cinye magana. Kada wanda ya danna shi sai ya fara jin abin da ke cikin kaset." Wani yaro, Obiechina, ya taɓa tambayarsa, "Malam, in mutum ya danna fa?" Ya ce, "To, ka kashe wanda ke ciki, kuma babu mai dawo da shi." Yara suka yi ta dariya.

Da ciwon ƙirji ya tsananta masa bara, ya san ba lalle ya ga 'yan bana ba. Sai ya rufe kansa a laburare, ya ɗauki dukan bayanin nan a kaset, da muryarsa, domin a kunna musu. Ya gaya mini bai ɓalle ɗan haƙorin kaset ɗin ba, wanda ɓalle shi ne ke hana a ɗauki wani abu a kai, wai tari ya ɓata masa ƙarshen, zai sake in ya sami sauƙi. Ya bar shi cikin rikodar. Sauƙin bai zo ba.

Malama Jummai, ke ma kin san da kaset ɗin. Tun kina takaba kika aiko ƙaninki Garba ya roƙe mu, in an zo wannan taro a kunna miki, ki ƙara jin muryar maigidanki. Kika ce ko faɗan ne ma kina so. Muka ce to. Rikodar ga ta nan a kan tebur, kina ta kallonta tun da kika zauna.

Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ranar sadakar uku, masu ƙaunarsa suka ga bai kamata addu'ar da malamai za su yi masa ta tafi haka nan ba. Suka karɓi makullin laburare, suka ɗauki rikodar zuwa ƙofar gidanku, suka danna jan maɓallin. Ba zan kama suna ba, domin ba mugunta ce ta sa su ba, kuma ba wanda ya fi su kuka. Shekaranjiya muka kunna don mu gwada. Muryarsa ta fito tangaram, ya ce, "Yara, ku fara wanke hannu." Daga nan sai muryar liman, da amin ɗin jama'a, har ƙarshe.

Abin da ya rage mana ke nan. Har yau ba a turo wanda zai maye gurbinsa ba. Majigin yana lulluɓe, ɗakin yana kulle, kuma na ji ana cewa za a mayar da shi aji saboda ɗalibai sun yi yawa. Ku 'yan aji ɗaya da ke zaune can baya, ba ku san shi ba, kuma yanzu ba za ku san shi ba. Mu da muka sha jin bayaninsa mun zauna jiya don mu haɗa shi, kowa ya kawo guntu, bai haɗu ba. Mun yi rashi, kuma ban ga ta inda za mu mayar ba.

Muna godiya ga duk wanda ya taka ya zo. Allah Ya jiƙan Malam Inuwa, Ya haskaka kabarinsa, Ya karɓi addu'ar nan da ta hau kan muryarsa, Ya ba iyalinsa haƙurin da mu ba mu da bakin ba su. Amin.

Malama, in har yanzu kina so, ki matso kusa. Maganar gajeriya ce, amma zan mayar miki da ita baya duk sau nawa kika ce.